Ƙofa Ɗaya Aka Ce Ka Buɗe

Television, Kaduna
6 ga Mayu

Gaisuwa ga dukan mutanen Kanada, manya da yara, baki da fari, masu rigan sanyi uku da masu bakwai, da karnukan ku da naji ance suna sa takalmi. Kowa ya mike tsaye. Injiniya Godwin ne ke magana, shugaba kuma ma'aikaci daya tilo na Godwin Studio, mutumin da kamaran sa bata taba maida amarya mummuna ba sai wadda tazo da abinta daga gida. To ku zauna.

Hadassah yaya karatu? Kakan ki da kakata ciki daya ne, sabida haka ina da izinin tsokanan ki har kasan kankara. Muna lafiya. Matata Mercy na gaishe ki, cikin ya shiga wata bakwai, tana cin yalo kaman akuya. Ni hakori ne ke damuna amma hakorin yasan da wa yake magana. Mama Naomi yayar baban ki tana Romi wajen yarta Jemimah, kafan da sauki, abinci ne dai bata ci sosai.

Aikin da kika sani nayi. Ran talata na dauki kamara naje Romi, kaman yadda kikace lauyoyin nan masu tara shaida sunaso aji daga bakin wanda ya gani da ido ran da yan bindiga suka shiga kauyen mu. Jemimah ta kai yara makwabta, muka kulle kofa muka sauke labule. Mama tayi magana awa biyu da minti arba'in. Kin sanni, ko a gidan makoki sai na sa mutum dariya. Ranan kamara kawai na rike.

Ta fadi yadda suka shigo ta gefen rafi da rana tsaka, yadda ta shiga rumbu tana leke ta tsaga. Sai ta kira suna. Ishaku, na gidan dake bayan nata, wanda ta goya sanda uwar sa ke ciwo. Shi ke gaba yana nuna gidaje da kotan fartanya. Ya nuna nasu aka fito da mijin ta Baba Timothy. Sauran bazan rubuta ba, zaki ji da kanki. Kuma kinsan Ishaku na yawon sa har yau, kanin sa Bitrus ma yana nan Kamazou yana acaba.

Da muka gama ta rike hannuna tace, "Godwin, Hadassah tace za'a rufe fuskana a canza muryana kafin kowa ya gani. Kai ma ka ce?" Nace Mama na ce. Tace in dafa Littafi Mai Tsarki. Na dafa.

Yanzu wahalan shine bidiyon nauyin sa gig 41 ne. Imel yayi min dariya. Na gwada dorawa sau uku, yana kai rabi sai sabis ya yanke a koma farko. Ke kika karanta kwamfuta, fada min hanya.

Kada dai ki dauka mu kauyawa ne. Mu masu tura fim a waya muna da kungiya, shago sha hudu daga Television zuwa Romi zuwa Kamazou, kuma folda daya muke ci. Duk wanda ya samu sabon fim ya jefa ciki, kafin yamma ya shiga kowane shago, kwamfuta na mikawa kwamfuta. In fim yayi kiba, injin Kevin na Kamazou ya matse shi ya zama daidai waya. Kastoma yazo yace cika min memori, mu juye masa sabbi ya tafi. Ni na kawo tsarin nan, ko Kevin yace shine karya yakeyi.

Abeg ki aiko min da jaket mai gashi a wuya. Laj. Inaso in shiga coci Pasto ya manta wa'azi.

Naki, Injiniya Godwin


Winnipeg
9 ga Mayu

Yaya Godwin,

Na karɓi gaisuwarka a madadin Kanada, karnuka ma sun amsa. Ina lafiya, sanyi ya ragu. Ka gaishe da Mercy, ka bar mata yalonta, ka je a duba haƙorin nan. Na kira Jemimah jiya. Mama ta karɓi waya, "Allah ya yi miki albarka" kawai ta ce ta miƙa mata. Sunan da ka rubuto ya hana ni cin abinci. Ni na roƙe ta ta yi magana, ni na yi mata alkawari, don haka ka karanta wannan a zaune.

Kada ka rage girman bidiyon, lauyoyi suna son shi yadda ya fito daga kyamara. Manhajar da kuke aiki da ita a ƙungiya ita za mu ɗauka, don daga kwamfutarka zuwa tawa take miƙawa, kuma in sabis ya yanke tana ci gaba daga inda ta tsaya. Amma ba foldar ƙungiya ba. Ka buɗe sabuwa, ka sa lambar kwamfutata kaɗai, tana ƙasan wasiƙar nan. Na saita tawa ta karɓi duk abin da ka miƙo ko ba na kusa.

Abu huɗu ne, kada ka tsallake ko ɗaya.

Na farko, ka kulle bidiyon da faswod kafin ka sa shi a folda. Zai ci awanni, ka bar shi ya ci. Faswod ɗin ka riƙe a kanka, zan tambaye ka a waya.

Na biyu, ka shiga rauta, akwatin nan da ke raba intanet a shagonka, ka ɗaure wa kwamfutarka adireshi ɗaya. In ba haka ba, duk sanda aka ɗauke wuta rauta na iya ba ta sabo.

Na uku, ka buɗe fot ɗaya, lamba 22000, ka nuna shi ga wannan adireshin. Fot ƙofa ce kawai, akwai dubbai, duk a rufe suke. Zai tambaye ka TCP ko UDP, ka zaɓi duka biyun. A ɗakin kwanan ɗalibai ba a ba mu izinin buɗe ko ɗaya ba, don haka taka ce za ta buɗu. In tawa a rufe taka a rufe, sai kayan su zagaya ta wata doguwar hanya suna rarrafe.

Na huɗu, fayawol. Maigadin kwamfutarka ne. Ka gaya masa ya bar manhajar nan ta wuce ta ƙofa 22000, shi ke nan. Kada ka kashe shi.

Na ji kana cika baki da gudun foldarku. Gaskiya ne tana gudu. In kwamfuta da yawa na riƙe da fayil, kowacce na miƙo gutsure, sai ya iso da wuri. Wannan dalilin ne kuma ya sa abin da ya shiga can ba ya fitowa.

Jibi za a kai mu aikin gwaji wani ƙauye can arewa, kwana goma sha biyu, an ce babu sabis. Zan bar kwamfutar a kunne. Lauyoyi za su rufe karɓar shaida ran 30 ga wata. Akwai lokaci, kada ka yi sauri.

Jaket kuma, wane sanyi ake yi a Television? Zan duba.

Ƙanwarka, Hadassah


Television
14 ga Mayu

Gaisuwa ga Kanada da kewaye, da mutanen kauyen da babu sabis, Allah ya kawo muku.

Hadassah lafiya lau muke. Hakori ya mika wuya. Mercy tace yaron na buga kwallo a ciki, nace dan waye.

Malama nayi jarabawan ki. Kofa 22000 na bude, TCP da UDP duka, na gabatar da manhaja wa maigadi sun gaisa. Minti goma. Da ni aka tura Kanada da yanzu ni ke koyarwa.

Biyu ne na ajiye gefe. Na faswod din, da na danna sai yace awa hudu, ga babu wuta, jen ne ke ihu. Nace ai daga ni sai ke, wa za'a kulle wa? Na adireshi kuma gaskiya ban gane amfanin sa ba. Kwamfuta na bata taba tashi daga shago ba, tana nan kan tebur tun da na saye ta, kowa yasan adireshin ta.

Abu ya tashi da gudu, kwana biyu ya kai kashi 31. Sai jiya akayi hadari da iska, falwaya ta fadi a layin mu, aka dauke wuta. Da na tada jen komai ya kunnu amma abin ya zama kunkuru. Yanzu yana rubuta saura kwana 46. Kwana 46 Hadassah! Har Mercy ta haihu ayi suna yana tafiya. Ke kuma kince 30 ga wata.

Naje Romi ran lahadi bayan coci. Mama ta tambaye ni ko muryan ta ya isa. Nace yana hanya. Tace, "In ya isa su ji, sai in iya cin abinci." Kinga kuwa ba zan zauna ina kallon kunkuru ba.

In kin hau wani dutse kin samu sabis ki amsa min. Kuma jaket din ya zama baki, ja na nuna datti.

Godwin


Television
18 ga Mayu

Jama'ar Kanada ku tafa. A'a ku tafa da kyau, na baya basu ji ba.

Hadassah shiru kikayi, kwana hudu ina duba imel kaman mai jiran sakamakon asibiti. Da naga babu ke sai na tuna waye ni.

Farko na sallami maigadi. Na kashe fayawol gaba daya, nace kila shi ke rike kaya a get. Babu canji. Na shiga rauta na danna wajen da ke bude duka kofofi. Kunkuru dai kunkuru.

Sai na koma wasikan ki na sake karantawa, ashe amsan na ciki. Ke da kanki kika rubuta, in kwamfuta da yawa na rike da fayil kowacce na miko gutsure sai ya iso da wuri. Nace Godwin kana da shago sha hudu kana kuka! Na dauki bidiyon na jefa a foldan kungiya, na hada lamban ki a ciki. Kai Hadassah. Da kinga yadda ya tashi. Yanzu Romi na miko miki, Kamazou na miko miki, mu duka mun dauke shi a kai kaman akwatin amarya. Yana kashi 80 ina rubuta wanan.

Nasan me zaki ce, sabida haka tsaya kiji basira. Ban bar sunan Mama a kai ba, ni ba yaro bane. Na canza masa suna zuwa SABON INDIYA FASSARA 2. Wa zai kawo tunanin akwai wani abu a ciki? Kuma a cikin mu babu mai bude fim ya kalla, wa ke da lokaci, turawa kawai mukeyi. Yana gama shiga wajen ki zan goge shi, goge daya ya bace a shago sha hudu. Babu wanda zai san ya wuce ta gidan sa.

Na fadawa Mama gobe ko jibi muryan ta zai isa. Jemimah tace ranan ta cinye tuwo malmala daya da rabi.

In kin dawo ki fadawa malaman ku akwai wani a Television. Jaket kadai ba zai isa ba yanzu, ki hada da hula.

Injiniya, kuma Farfesa, Godwin


Winnipeg
24 ga Mayu

Godwin,

Na dawo yau da safe. Na kira ka sau tara, wayarka a kashe. Ka bar duk abin da kake yi.

Na tarar da kwamfutata cike da fina-finanku, da bidiyon Mama a tsakiyarsu, babu kulle, fuskarta a buɗe. Ya iso duka. Ba shi kaɗai ya iso ba. Akwai wani ƙarami mai suna iri ɗaya a foldar da kuka rubuta wa "na waya", kuma kwanan watan da ke kansa 19 ne. Injin Kevin ya matse shi tun kwana biyar da suka wuce. Kai da bakinka ka gaya min yadda kuke yi: mutum ya ce a cika masa memori, ku juye sababbi. Ka sa masa sunan da kowa zai ce a ba shi.

Ba maigadi ne ya riƙe kaya ba. Da wuta ta dawo rauta ta ba kwamfutarka sabon adireshi, ƙofar da ka buɗe ta koma kallon wata wayar da ke shagon. Abu na biyu da ka tsallake ke nan, aikin minti biyu. Kuma layin da ka ɗauko daga wasiƙata, akwai wani a ƙarƙashinsa.

Ka goge babban da ƙaramin yanzu. Ka kunna fayawol, ka rufe ƙofofin nan. Sannan ka bi shagunan da ƙafarka, ɗaya bayan ɗaya, ka tsaya a kansu su goge har wanda suka kwafe gefe. Kada ka gaya musu mene ne a ciki.

Amma kafin duk wannan, ka je Romi. Yau. Ka gaya wa Jemimah gaskiya da bakinka, kada ka sa wasa a ciki. Ba na son ta ji a waya daga nesa, tana buƙatar mutum a gabanta da zai taimaka a ɗauke Mama daga gidan nan.

Ni ma da laifina. Na san halinka, na tafi na bar ka da shi.

Hadassah


Television
27 ga Mayu

Hadassah ina gaisuwa. Muna nan. Wayata ce ta fada ruwa ranan, ba guduwa nayi ba.

Ban fara da Romi ba, kafata ta ki. Nace bari in goge tukuna sai inje da labari mai dadi. Kwana biyu ina kan acaba, shago sha hudu duka na taka. Sha daya sun goge ina tsaye. Biyu sunce sai na fadi dalili, nace akwai cuta a fayil din, suka goge. Kevin ya goge yana dariya yace, "Farfesa wane irin Indiya ne wanan, tsohuwa daya a kujera babu rawa babu fada? Mutane na dawowa suna tambaya." Nace mutum nawa ka turawa? Yace yana kirga buhun da ya wuce ta kofan sa ne? Tun ran 19 duk wanda yace cika min ya samu. Shago sha hudu, Hadassah. Kwana shida.

A hanyan dawowa na shiga keke daga Kamazou. Wata mata a gefena da waya a hannu, babu abin kunne. Naji muryan Mama tana cewa ta gefen rafi suka shigo. Matan tace wa direba, "Kai kaji wanan? Har suna ta kira." Direba yace a tura masa. Ina zaune tsakanin su ta tura masa. Na sauka tun ban kai ba.

Daga nan na wuce Romi. Na fadawa Jemimah a bakin kofa. Bata zage ni ba, ta dai zauna a kasa inda take tsaye. Mama na tsakar gida tana tsince wake a faifai. Na durkusa na fada mata duka, ban rage ba.

Tace, "Fuskana a bude?"

Nace a bude Mama.

"Sunan ma?"

Nace sunan ma.

Ta cigaba da tsince wake. Can tace, "Godwin ka dafa Littafi."

Nace na dafa Mama.

"Da wane hannu?"

Na daga mata. Ta kalle shi da kyau kaman zata saya. Sai tace, "Matsa, kana tare min haske."

Nace su zo gidana, ni da Mercy mu koma shago. Jemimah tace gidan da kowa a Television ya sani?

Yau da la'asar Jemimah ta kira ni. Bitrus kanin Ishaku yazo gidan da acaban sa, da burodi da lemu a leda. Ya cire hula ya durkusa ya gaida Mama kaman dan kirki. Yace, "Mama mun ga fim din ki. Yaya Ishaku ma ya gani, yace a gaishe ki da kafa." Ya tambayi jikoki, yace har yanzu suna makarantan nan na bayan coci, wanda ake tashi karfe biyu? Ya ajiye leda ya tafi. Jemimah tace burodin na nan inda ya ajiye, ko kaji bata bari sun taba ba.

Ke kin karanta abin nan. Babu wani lamba da ake dannawa ya bi wayoyi ya goge? Ko kofa da za'a rufe daga can wajen ku? In akwai ki aiko, ko awa nawa zai ci zan jira.

Godwin


Winnipeg
31 ga Mayu

Yaya Godwin,

Babu irin wannan lambar. Babu wanda ke da ita.

Na miƙa shaidar ran 29. Na rufe fuskar, na canza muryar, kamar yadda na yi mata alkawari, ko da yake na san rabin Kamazou na da ita a aljihu. Lauyoyi sun ce za su nemi a ba ta kariya, sun ce abin na ɗaukar lokaci.

Ran Asabar na yi magana da Jemimah, ta ce suna shiri, ba ta faɗi ina ba. Tun ran Litinin wayarta ba ta shiga. Na kira duk wanda na sani. Ka je ka duba min gidan, ka rubuto abin da ka gani, ba abin da kake so in ji ba.

Ka gaishe da Mercy.

Hadassah


Television
4 ga Yuni

Gaisuwa ga mutanen Kanada duka. Ba sai kun tashi ba.

Hadassah Mercy lafiya, kafan ta ne ya kumbura, nas tace ba komai. Ni ma ina nan.

Naje Romi sau uku. Kwado ne a kofa. Ta katanga na leka, igiyan shanya babu kaya, kujeran da Mama ta zauna na dauke ta a kamara yana waje ruwa na dukan sa. Makwabciyan su tace ran litinin da safe wata akori kura tazo, suka loda katifa da tukwane da yaran, ko kwanon da ta ara musu basu tsaya mayarwa ba. Nace ina suka nufa? Tace bata sani ba. Na roke ta. Tace, "Jemimah tace duk wanda ya tambaya ace ba'a sani ba. Ta kuma ce musamman mai kamara."

Ban ji haushi ba. Ni ma da haka zan ce.

Kince in rubuta abin da na gani. Na wuce Kamazou inda yan acaba ke tsayawa, na sayi rake na zauna kaman mai jiran wani. Bitrus baya nan. Na tambayi daya daga cikin su, yace tun ran litinin bai fito aiki ba, wai yayi tafiya. Kila kauye yaje. Kila biki ne. Mutum na tafiya ran litinin, ba laifi bane. Haka nake fadawa kaina.

Na fita daga kungiya. Kevin yace wai don dan karamin abu. Kwamfuta kuma na bi takardan ki daga sama har kasa. Na daure adireshi, minti biyu kaman yadda kikace, na duba agogo. Kofa daya ce a bude, 22000, TCP da UDP. Maigadi na bakin aiki. Na dauke wuta da kaina na mayar don in gwada, kofan bata motsa ba. Komai daidai. Babu dai abin turawa.

Dazu wani mutum yazo shago da memori, dattijo mai kirki da ganin sa. Yace an tura masa Sabon Indiya na biyu, na tsohuwan nan, yaji tausayi sosai. Yace ko ina da na dayan. Na rufe shago na dawo gida.

Jaket din ki bar shi, da hulan. Abu daya nakeso. Mama zata neme ki, ke ba'a ce musamman ke ba. In ta kira kada ki fada min gari, kada ki fada min unguwa, ko na roke ki, ko nayi fushi, ko nace Mercy ce ke tambaya. Ki tambaye ta ko taci abinci. Sai ki aiko min da layi daya kice tana da rai. Ina duba imel safe da yamma. Abeg ki aiko.

Godwin